Wuƙar Ƙasar Madarumfa da Maƙerin da Ba a Rubuta Sunansa Ba

A gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Faransa akwai wuƙaƙe da takubba na ƙasar Hausa jere cikin gilashi. Ƴar takardar da ke ƙarƙashin kowace takan faɗi ƙabila, da shekarar da aka samo ta, da sunan Baturen da ya kawo ta. Sunan maƙerin da ya kwana yana bugun ƙarfen, shi ne da wuya a gani. Wannan rashi ya fi ciwo in aka dubi wuri irin Madarumfa, inda zaman mutane a ƙarni na 19 ya rataya a kan abin da ke fitowa daga maƙera.

Yau an fi sanin Madarumfa da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta. Amma ƙasar tana kan hanyar da ta haɗa Maraɗi da Katsina, kuma bayan 1807, da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina, hanyar ta zama ta yaƙi. Sarakunan da aka kora suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Daga nan aka yi ta kai hari kudu shekara da shekaru, zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin. Dajin da ke tsakani, wanda Baban Rafi ragowarsa ne, mahara ke ratsa shi, mafarauta ke kwana cikinsa. Mutum ba ya shiga irin wannan daji hannu rabbana.

Makamin talaka kwari da baka ne, da wuƙa. Takobi kayan mai doki ne. Wuƙar da masu tara kayan tarihi suka fi nema ita ce wuƙar hannu: kubenta na da zobe na fata da ake zura hannun hagu ciki, ta kwanta ƙarƙashin hannun riga, dama ta zaro ta kafin abokin gaba ya farga. Buzaye ma suna da irinta, ana kuma samun ta daga Azbin har Borno, shi ya sa masu saye a Turai kan liƙa wa kusan kowace sunan Buzaye, ko da a gindin ƙirya aka ƙera ta a wani ƙauyen Katsinawa.

Aikin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Da farko sai an haƙo dutsen tama an narka shi a rahoniya da gawayi, aikin rani mai cin ƙarfi da itace. Sannan maƙerin baƙi ya karɓa. Yaro na kan zuga-zugi, babba na riƙe da awartaki, ana bugu da masaɓa a kan uwar maƙera har ruwan wuƙar ya miƙe, a tsoma shi a ruwa ya yi tauri, a wasa. Gawayin ƙirya ake so, don wutarsa na jimawa. Daga nan wuƙa ta tafi wurin baduku, ya ɗinka mata kube da jar fata, ya yi mata ado da kore da baƙi. In ta mai hali ce, maƙerin fari ya sa mata tagulla ko azurfa a ƙota. Wuƙa ɗaya, hannu uku ko huɗu, kuma babu wanda ya buga sunansa a kai. Ba su ga dalili ba: mai saye ya san gidan da ya saya, in ta dakushe ko ƙota ta kwance ya san ƙofar da zai koma. Ƙira gado ce, kuma Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin kwarin Maraɗi, ya nuna yadda dangogin Arna suka riƙe sana'o'i irin wannan a matsayin gadon gida, da tsafinsu da haninsu.

Labarin takobi ya ɗan bambanta. Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina a 1851 kafin ya isa Kano, ya kuma ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa Kano kowace shekara ta hamada, akasarinsu daga Solingen ta Jamus. A Kano ake sa musu ƙota da kube a sayar. Waɗannan suna zuwa da tambarin masana'anta, zaki ko gicciye ko jinjirin wata. Mayaƙa suka ɗauki tambarin shaidar ƙarfe mai kyau, har da ƙarfin asiri, sai maƙeran gida suka shiga buga jinjirin wata biyu a kan nasu. Lloyd Cabot Briggs ya bi diddigin waɗannan tambura a 1965. Sakamakon shi ne mai tara takubba a yau yana iya gano gidan ƙira na Jamus daga ɗan tambari, amma maƙerin Hausa da ya ƙera nasa da hannunsa sai a rubuta shi a matsayin mai kwaikwayo. Wannan ba adalci ba ne ga mutanen da, in takobi ya karye a fagen fama, sukan mai da guntun wuƙa mai kyau da za ta yi wa jika aiki.

Ko a fada ma, takobi ne ke da suna. Katsina na da Gajere, wanda ake dangantawa da Muhammadu Korau, Daura na da takobin Bayajida, kuma A. D. H. Bivar ya duba su ya yi rubutu a kansu a 1964. Tarihin baka ya tuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu. Garinsu aka riƙe, su kansu an bar su a jam'i.

Abin da ya kashe narkar da tama ba yaƙi ba ne, jirgin ƙasa ne. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya yi arha, daga baya tsofaffin motoci suka cika ko'ina. Maƙeri ya gane sifirin mota ya fi tama sauƙin samu, yana kuma riƙe kaifi. Turawa sun hana hari, takobi ya koma kayan hawan salla, maƙera suka duƙufa kan hauya da lauje da gatari. Wuƙa dai ba ta rasa masu nema ba. Mahauci na sonta, wanzami na son askarsa, mafarauci da makiyayi ba sa rabuwa da ita, ƴan tauri kuma suna gwada ta a jikinsu a gaban jama'a. Gab da babbar salla har yanzu kasuwar wuƙa ke tashi a Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, ko da yake ƴar kanti mai arha ta shigo tana cin kasuwar ta gida.

Ga mai son tara tsofaffi, alamun suna nan. Ƙarfen tama yakan nuna ƴan jijiyoyi da tabo a jikinsa, sifirin kuwa sumul yake. Tsohon kube ya sha gumi ya yi duhu, ɗinkinsa na zaren fata ne. Sai dai kube kan mutu a sake shi, don haka sabon kube ba ya nufin sabuwar wuƙa, kuma dillalan kayan tarihi sun iya tsufar da sabuwa da hayaƙi da ƙasa.

Shaidar da ta fi duk waɗannan ba a jikin ƙarfe take ba. Philip Jaggar ya zauna da maƙeran birnin Kano ya rubuta zuriyarsu da aikinsu a littafin da ya fito a 1994, Nicole Echard ta yi irin haka da maƙeran Adar tun shekarun 1960. A garuruwan Gabi da Safo da Jiratawa na ƙasar Madarumfa akwai gidajen ƙira, akwai masu sarautar Sarkin Maƙera, akwai dattawan da in an miƙa musu tsohuwar wuƙa za su juya ta su dubi bugun da yadda aka ɗaura ƙota, su faɗi gidan da suke zaton ta fito. Waɗanda suka ga narkar da tama da idonsu a cikinsu sun tsufa ƙwarai, kuma kaɗan suka rage.