Ido Ba Tocila Ba Ne

1/ Ina bitar jijiyar gani, na ci karo da wani tarihi. Ku biyo ni.

2/ A da, masanan Girka irin su Yuklid sun ɗauka daga ido haske ke fita, kamar tocila.

3/ Sai Ibnul Haisam, ɗan Basra, ya rubuta Kitabul Manazir wajen 1011 zuwa 1021. Hujjarsa: kalli rana, idonka zai yi zafi. Ashe haske shigowa yake!

4/ Amma ya zaci gilashin cikin ido ke karɓar hoto. Sai a 1604 Kepla ya nuna a bangon bayan ido yake sauka, kuma a juye.

5/ 'Yan aji, manya ma an yi musu gyara. Kar mu tsaya ga hadda, mu nemi hujja.