Ganyen taba: Yadda masu saye ke tantance mai kyau a karkarar Kano

Taba a bakin mutumin karkara ba ta tsaya ga karan sigari ba. Tun kafin kamfanin taba na Najeriya, NTC, ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, Bahaushe yana noman tabarsa, ya busar, ya daka da kanwa ya ɗana a leɓe, ko ya shaƙa, ko ya ɗura a lofe ya busa. Kamar kowace haja mai shiga kasuwa, ita ma tana da gwanayenta: mutanen da za su ɗaga ganye guda su faɗi daga wane sashe na tsiron aka tsinko shi, a inuwa ya bushe ko a rana, da kuɗin da ya kamata a taya. Ba su da wani ma'auni sai ido da yatsu da hanci da harshe. Da irin waɗannan ma'aunai ne kuma ake tantance tabar naɗin hannu ta ƙasar Kyuba, wadda wani karan nata guda ɗaya ya fi buhun gero tsada.

Tsiron ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Ya iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma bai daɗe da isowa ba malamai suka fara saɓani a kansa. Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta risala a 1607 yana halatta shi. Muhammad al-Wali, malamin ƙasar Bagirmi, ya rubuta tasa a cikin ƙarnin nan na 17 yana haramtawa. Daular Masina ta Shehu Ahmadu Lobbo ta hana shan taba a ƙarni na 19, ɗariƙar Tijjaniyya mai ɗimbin mabiya a Kano kuwa ta hana ta ga almajiranta. Ba mamaki ke nan da cinikin taba bai zama sana'ar tinƙaho ba, ko da yake ya daɗe yana kawo kuɗi.

Tabar ƙasar Hausa ta taɓa yin suna. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya yada zango a Katsina a 1853 kan hanyarsa ta zuwa yamma, ya sayi tabar Katsina ya yi guzurinta, domin tana da daraja har a kasuwar Timbuktu. Fiye da shekara ɗari bayan haka, Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa, ta ambaci taba cikin abubuwan da manoman garin ke nomawa don sayarwa.

Daga gona ake fara hukunci

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, musamman ta arewa, daga Ungoggo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta, tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna cewa gona a nan ba ta hutu. Kowace damina sai an nome ta, kuma taki ne ke riƙe da ita: kashin dabbobi, da tokar gida, da sharar birni da jakuna suka daɗe suna kaiwa ƙauye. Gero da dawa da wake da gyaɗa sun cinye fili. Inda aka noma taba, ɗan lungu take samu, bayan gida ko gefen fadama. Taba ta bambanta da garin gero, in ji masu iya magana, kuma mai ƙaramar gona ya fi kowa sanin haka.

Wannan ɗan lungun yana barin alamarsa a jikin ganye. Taki idan ya yi yawa, ganyen kan yi faɗi da kauri da duhu, ya ƙayatar da ido, amma ya yi wuyar bushewa, hayaƙinsa kuma ya riƙa ƙartar maƙogwaro. Ƙasa ko ruwa mai gishiri na sa ganye ya ƙi cin wuta, ana kunnawa yana mutuwa. Sinadarin fotashiyam kuwa, wanda tokar murhu ke ɗauke da shi, yana sa wuta ta riƙa ci a hankali ba yankewa.

Akwai kuma jinsi. Iri biyu ake nomawa a wannan sashe na duniya. Wanda masana ke kira Nicotiana tabacum dogo ne, mai manyan ganye da fure ja-ja, kuma da shi ake sigari. Nicotiana rustica gajere ne, furensa rawaya-rawaya, ya kuma fi ɗan'uwansa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ko a jikin tsiro ɗaya ganye ba ɗaya ba ne. A saiwa ake samar da nikotin, sinadarin da ke kama mai sha, daga nan ya hau ya taru a ganye, kuma na can sama su suka fi tara shi. Ganyen ƙasa sirara ne, masu sauƙin kai, galibi da ƙura a jikinsu. Na tsakiya sun fi ƙanshi. Na sama su ne masu kauri da danƙo da bugarwa. Idan manomi ya karye kan tsiron kafin ya zuba 'ya'ya, ƙarfin da zai tafi ga iri sai ya koma ga ganye, ya ƙara nauyi da nikotin. A ƙasar Hausa furen ma bai zama asara ba: mata sun daɗe suna goga shi a haƙora tare da goro don su yi ja.

Bushewa ita ce rabin aiki

Nan ne aka fi ɓata taba, nan ne kuma gwani ya fi zuba ido. Ganyen taba ba kamar kuka ko rama ba ne da za a baza a rana a kwashe da yamma. Bayan an tsinke shi yana buƙatar kwanaki yana yaushi a hankali, a inuwa, inda iska ke shiga ba da ƙarfi ba. A cikin waɗannan kwanaki koren launinsa ke janyewa ya koma rawaya, sitacin da ke cikinsa ya juye zuwa sukari, ɗacin ɗanyen ganye ya ragu. Sai bayan haka ake so ya bushe ya koma ruwan ƙasa, jijiyar tsakiya ta zo daga ƙarshe.

Iskar hunturu abokiyar gaba ce ga wannan aiki. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan ganye kafin ya gama juyawa, sai ya ƙandare da korensa. Irin wannan ganye ba ya gyaruwa. Duk inda mai saye ya ga kore-kore a jikin busasshiyar taba, ya san an yi gaggawa, farashi kuma ya faɗi. A ɗaya gefen, idan an cusa ganye da yawa wuri ɗaya babu iska, sai ya yi baƙi ya fara ruɓa, ko ya yi fumfuna.

Bayan bushewa akan tara ganyen a danne, a lulluɓe, ya yi zafi da kansa. Wannan gumi da yake yi shi ke fitar da warin da ke hawa kai, ya daidaita launi, ya fito da ƙanshi. Mai sayarwa da kuɗi suka matse shi yakan tsallake wannan mataki, kuma hanci ba ya ɓoye masa asiri.

To a kasuwa, abin da mai saye ke yi bai wuce na ɗan lokaci ba. Ba ya yarda da ganyen da ke saman dami, sai ya zaro daga tsakiya. Yakan ɗaga shi wajen haske ya duba ko launi ya zama bai ɗaya, ko akwai ƙananan huji irin na ƙwaron taba, wanda ke cin busasshen ganye a ma'aji. Sai ya dunƙule shi a hannu ya saki. Ganye mai kyau yakan warware a hankali, ya bar ɗan maiƙo a yatsa. Wanda ya marmashe ya bushe fiye da kima, wanda ya manne kuwa an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, tsohuwar dabara ce da ba taba kaɗai ake yi wa ita ba. Daga nan hanci, sannan ɗan tsinke a harshe. Idan ta lofe ce, sai an ga yadda ta ci wuta da irin tokar da ta bari.

Masu sayen ganye na kamfani, waɗanda suka yi shekaru suna hulɗa da manoman kwangila a yankunan Zariya da Sakkwato, su ma da ido da hannu suke raba shi aji-aji. Bambancin shi ne a wurinsu ba a tayi: ajin da aka sa wa damin manomi shi ne kuɗinsa na shekara.

Yadda ake yi a Kyuba

Tabar Kyuba da ake kira Habano ganye ce tun daga cikinta har bayanta, babu takarda, kuma wadda ta fi daraja da hannu ake naɗe ta. Mafi shaharar ganyenta daga yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río yake fitowa. Mai naɗi yana haɗa ganyen ƙasa don cin wuta, na tsakiya don ƙanshi, na sama don ƙarfi, ya ɗaure su da wani ganye, sannan ya lulluɓe da siririn ganye marar tabo wanda aka rena ƙarƙashin rumfar yadi. Rabon da tsohon ƙauye ya sani da ka, su sun ba shi sunaye sun mai da shi doka.

Masana'antun suna da ma'aikata na musamman da aikinsu shi ne ɗanɗano. Suna duba ko iska na wucewa daidai idan an zuƙa, domin naɗin da ya matse ba ya zuƙuwa, wanda ya saki kuma yana ƙonewa da sauri ya yi zafi. Suna duba ko wuta na zagayawa bai ɗaya, ko toka na tsayawa ba ta zubewa, sannan ƙanshi da ɗanɗano da ƙarfi. Ana adana irin wannan taba a akwatin da laimar iskarsa ke kusan kashi 65 zuwa 70 cikin 100. A bar ta a sarari a Kano cikin watan Janairu, kwanaki kaɗan sun isa bayanta ya tsattsage.

Kanwa, da abin da ake kira kyau

Garin taba yana da nasa hukunci, kuma ya fi wuya, domin dakakken abu ya riga ya ɓoye asalinsa. Ana duba laushinsa, da ko an cika shi da jijiya da kara, da ko haƙori na jin yashi. Amma abin da mai ci ke nema da gaske shi ne ya ji ta kama shi nan take, kuma wannan aikin kanwa ne. Ungurnu da ake kawowa daga gaɓar Tafkin Chadi da jar kanwa suna cikin waɗanda aka saba haɗawa da taba. Kanwa tana kashe tsamin garin, wannan kuma yana sakin nikotin ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Yawan kanwa na iya sa ganye marar kirki ya yi kamar mai ƙarfi, shi ya sa masu hankali a cikin masu saye suka fi son su sayi ganye su daka da kansu.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da abin da kalmar kyau take nufi a wannan fage. Duk gwajin da aka ambata yana auna ƙwarewar manomi da gaskiyar ɗan kasuwa ne, da kuma yawan abin da ke kama jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ke auna illa. Sinadaran da ake kira naitrosamin, waɗanda ke haddasa ciwon daji, a lokacin bushewa da gumin nan suke samuwa, wato a matakan da ke ƙara wa ganye daraja, kuma ba su da wari ko ɗanɗanon da gwani zai kama. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa tabar da ba a ƙonawa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na baki da maƙoshi da saifar ciki mai sarrafa sukari. Tumbak na ƙasar Sudan, wanda shi ma ganye ne da kanwa, yana cikin tabobin da aka samu waɗannan sinadarai da yawa ƙwarai a cikinsu. Naɗin Kyuba ma bai tsira ba, ko da mai sha bai haɗiye hayaƙin ba. Manomi kansa na iya kamuwa da jiri da amai idan ya tsinki ganye mai raɓa da hannu tsirara, domin nikotin na shiga ta fata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Binciken da aka yi kan manya a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na amfani da taba, kuma kashi 1.9 masu ci ne ko shaƙa. Dokar taƙaita amfani da taba ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma ce tabar ci ko shaƙa ba za a sayar da ita ba sai a ƙunshin da bai gaza giram 30 ba. A kasuwar ƙauye dai har yanzu da ɗan cokali ake auna garin, a ƙulle a leda ko a zuba a batta.