Daga Keson Wuri Zuwa Takardar Naira: Tafiyar Kuɗi a Kasuwar Kurmi

Duk girman cinikin da ake yi a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Kano ba ta taɓa buga kuɗin kanta ba. Kullum daga nesa suke zuwa.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Sharefa, wajen 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldibis ne, can cikin tekun Indiya. Keso guda wuri dubu ashirin ne, kuma sai an zube shi ƙasa an ƙirga biyar-biyar da yatsu, aikin da har ƙwararrunsa ake da su. Da Bature Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa guda. Daga baya Turawan fatauci suka yi ta jibgo wurin Zanzibar, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa zuwa gari mai nisa ya zama asara.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, a 1904 kuma aka hana shigo da wuri. Sai ga anini da kwabo masu huda a tsakiya, da rubutun Larabci a jikinsu. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, ta fitar da kuɗin takarda a 1916. Mutanen birni ba su yi maraba da takardar ba, kuma da gaskiyarsu. Sulen azurfa ana binne shi a tukunya, ko a kai wa maƙeri ya mayar da shi awarwaro. Takarda fa, gara ta ci, gobara ta lashe. Abin da ya tanƙwara mutane shi ne haraji da cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, sannan a 1963 aka kafa kamfanin buga kuɗi na ƙasa a Legas tare da De La Rue na Ingila. Bankin ne ke ƙayyade yawan da za a buga, kamfani ya buga da lambar da ba ta maimaituwa, manyan kuɗin a takardar auduga mai zaren tsaro, sai a rarraba ta rassan bankin, har da na Kano. Naira ta maye gurbin fam a 1973, hoton Murtala, ɗan Kano, ya hau naira ashirin a 1977.

Ajamin da ke gaya wa almajiri da tsohuwa ƙimar takarda an cire shi daga ƙananan kuɗi a 2007. Amma canjin da ya fi gasa wa 'yan kasuwa aya a hannu shi ne na 2022, da aka sauya launin naira 200, 500 da 1,000 alhali sababbin ba su wadata ba. A farkon 2023 sai da mutane suka riƙa sayen naira da naira a hannun masu POS, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.