Sunan Allah: a fassara shi ko a bar shi da Larabci?

Ko ya dace a fassara sunan Allah zuwa wani harshe? Tsohuwar muhawara ce tsakanin malamai da masu fassara, amma ba ko'ina take da zafi iri ɗaya ba. A Dakoro, arewacin jahar Maradi, inda Hausawa manoma suke cin kasuwa ɗaya da Fulani da Buzaye makiyaya, mai jin Hausa ba ya neman a fassara masa komi, domin da wannan suna ya buɗe baki. Tambayar tana tasowa ne idan zance ya tsallaka zuwa Faransanci, a lakwal ko gaban alƙali ko a jarida, inda tilas tafinta ya zaɓi ɗaya tsakanin "Allah" da "Dieu". Abin da ya zaɓa kuwa yana canza abin da mai sauraro zai fahimta.

Asalin kalmar

Malaman nahawun Larabci na farko sun kasu biyu. Wasu sun ce asalin kalmar "al-ilah" ne, wato abin bautan nan da aka sani, sai yawan furtawa ya haɗiye hamzar tsakiya. Wasu kuma sun ce suna ne na zati, ba a ciro shi daga wata kalma ba. Saɓanin yana da tasiri a kan fassara: idan kalmar tana ɗauke da ma'ana, ana iya neman takwararta a wani harshe, idan kuwa suna ne zalla, to ba a fassara suna, kamar yadda Musa yake zama Musa a kowane bakin.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne kalmar ta riga Musulunci. Sunan mahaifin Annabi Muhammadu (SAW) Abdullahi, kuma Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa mushirikan Makka sun yarda Allah ne ya halicci sammai da ƙasa, laifinsu shi ne haɗa shi da wasu a wajen bauta. Kalmar tana da ƴan uwa a harsunan da suka haɗa kaka da Larabci: "Alaha" a Siriyanci, "Eloah" da "Elohim" a Ibrananci. Kiristocin Masar da Lebanon da Iraƙi "Allah" suke cewa a majami'unsu, haka kuma yake a cikin Baibul na Larabci. Mutanen tsibirin Malta, waɗanda galibinsu ƴan Katolika ne, "Alla" suke cewa har yau.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu cewa a bar sunan yadda yake suna kafa hujja da cewa a Larabci ba shi da jam'i, ba shi da mace. "Dieu" kuwa yana da jam'i "dieux", yana da mace "déesse", ana kuma kiran gumakan Girkawa da shi. Babban baƙin da ake sa masa a rubutu ido ne kawai ke ganin sa, kunne ba ya ji. An fi ganin matsalar a kalmar shahada, inda Larabci ya kawo kalmomi biyu, "ilah" da "Allah", Faransanci kuma yana da guda ɗaya tak, sai jimlar ta koma kamar maimaici. Suna ƙarawa da cewa a kunnen Bature "Dieu" yana tafe da aƙidar Triniti, wadda Musulunci bai yarda da ita ba.

Masu cewa a fassara su ma da tauhidi suke kafa hujja. A ganinsu, idan aka bar kalmar Larabci a tsakiyar jimlar Faransanci, mai karatu zai ɗauka Musulmi suna da wani abin bauta nasu na daban, na Larabawa, alhali Alƙur'ani ya umurci Musulmi su gaya wa ma'abota littafi cewa abin bautarsu ɗaya ne. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Jaridun Turai da yawa sukan fassara duk maganar Balarabe su bar kalmar nan ita kaɗai, musamman a labarin hari, har ta zame wa masu karatunsu alamar baƙon abu.

Akwai wurin da gardamar ba ta shiga, shi ne salla. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Nijar, kabbarar harama ba ta inganta sai da lafazinta na Larabci, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani. An ruwaito sassauci daga Imam Abu Hanifa game da yin ta da Farisanci, amma wannan ra'ayi bai yi tasiri a ƙasar Hausa ba. Saɓanin da ake magana a kai ya shafi fassara ne da wa'azi da zancen yau da kullum.

Yadda Hausa ta yi da kalmar

Hausa ba ta fassara sunan ba, ta mayar da shi nata ne. Ana roƙo da shi (don Allah), ana tausayi da shi (Allah sarki), ana tsinuwa da shi (Allah wadai), wanda aka zalunta ya kai ƙara da shi (Allah ya isa). Baƙon da ba a san sunansa ba "bawan Allah" ne ko "baiwar Allah". Mai ɗokin tafiya ana cewa yana Allah-Allah gari ya waye, kuma mai faɗin haka ba addu'a yake nufi ba. Kalmar da ta shiga harshe har wannan zurfi ta daina zama baƙuwa.

Ba Musulmi kaɗai suka riƙe ta ba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar suna ɗaukar Allah a matsayin mahalicci na sama da kowa, sai dai yankansu da roƙonsu ga iskoki suke yi. Irin wannan fahimta ce aka sani ga Arna, ko Azna, na kwarin Maradi, waɗanda Bafaranshen nan Guy Nicolas ya daɗe yana nazari a kansu. Wato a ƙasar Gobir da Katsina sunan ya riga sallar kanta shiga gidaje da yawa.

Kalmar Hausa ta asali da take tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi ita ce "Ubangiji", daga "uba" da "giji", wata tsohuwar sigar "gida". Ma'anarta mai mallaka, shi ya sa a da ake cewa ubangijin bawa, macen kuma uwargijiya. Abin lura, ko da yake akwai "uba" a cikinta, babu malamin da ya ji ƙanshin haihuwa a kalmar har ya ƙyamace ta. An ba ta aikin fassara "Rabb". Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya san tsarin: alaramma ya ja baƙi, malam ya bi kalma kalma, "Rabb" ya zama Ubangiji, "Rahman" Mai rahama, "Rahim" Mai jinƙai, "ilah" abin bautawa, amma idan an zo kan "Allah" sai a maimaita shi yadda yake. Wannan hanya Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya bi a tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1970. Saboda haka kalmar shahada ba ta ba Hausa wahalar da ta ba Faransanci ba: babu abin bautawa da gaskiya sai Allah. A gefe kuma akwai kirari iri-iri, Mai Sama, Mai Duka, Mai Kowa Mai Komi, Buwayi Gagara Misali, waɗanda ba wanda ya ce sun maye gurbin sunan.

Sai dai Hausa ta yi wa kalmar abin da Larabci bai yi mata ba. Ta ƙera mata jam'i, "alloli", ta kuma ciro "allahntaka" daga cikinta. Ke nan hujjar rashin jam'i ta nahawun Larabci ce, ba ta biyo kalmar zuwa Hausa ba. Malamai da dama ba sa son "alloli", sun fi son a ce gumaka ko ababen bauta.

Kiristoci masu jin Hausa

Aikin juya Baibul zuwa Hausa ya faro ne a tsakiyar ƙarni na 19 a hannun James Frederick Schön, wanda ya ƙaru sosai da Hausar Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. A cikinsa "Allah" aka sa inda Faransanci ke da "Dieu", "Ubangiji" kuma inda yake da "Seigneur". Da wannan littafi ƴan mishan na SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924 kafin su kafa tasha a Tsibiri kusa da Maradi, suka yi wa'azi, kuma da shi majami'un yankin suka tashi. Barbara Cooper ta bi tarihin waɗannan Kiristoci na Maradi a littafinta na 2006. Inda aka rabu shi ne sunan Almasihu, Kirista ya ce Yesu, Musulmi ya ce Isa. A Nijeriya an sami wasu masu wa'azin Kirista da suka soki amfani da "Allah", suna cewa sunan abin bautar Musulmi ne kawai, amma majami'un Hausa ba su bar shi ba, don babu wata kalma da jama'a za su gane a madadinsa.

Maƙwabta

Ba sai an je nesa ba kafin a ga al'ummar Musulmi da ta ɗauki wata hanya. Bazabarme a Yamai ko Doso "Irkoy" yake cewa, daga "ir" (mu) da "koy" (mai mallaka), wato daidai da Ubangijinmu, kuma yana rantsuwa da shi yana addu'a da shi ba tare da wani ya tuhumi imaninsa ba. Buzayen da ke shigowa kasuwannin Dakoro suna da "Massinagh", mai irin wannan ma'ana, suna kuma cewa "Yalla". Fulani sun ari "Alla" kamar Hausawa, suka ajiye "Joomiraaɗo" a gurbin Ubangiji. Musulmin Yarabawa suna cewa "Olorun", na gabashin Afirka "Mwenyezi Mungu", mutanen Iran "Khoda". Dukansu idan sun tsaya salla da Larabci suke kabbara.

Tarjamar Faransanci

A nan ne zaɓin ya fi fitowa fili, kuma bai bi layin addinin mai fassara ba. Régis Blachère, wanda ba Musulmi ba ne, ya bar "Allah" a tarjamarsa. Muhammad Hamidullah, malamin Musulunci ɗan Haidarabad da ya yi shekaru a Paris, ya rubuta "Dieu" a tasa ta 1959. Daga baya cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina ta yi wa aikin Hamidullah gyara, ta mayar da "Dieu" zuwa "Allah", kuma wannan bugu ne ya fi yaɗuwa a hannun ƴan boko na Afirka ta Yamma. Mai riƙe da shi yakan ɗauka ra'ayin Hamidullah yake karantawa, alhali a wannan gaɓa an saɓa masa. Denise Masson a 1967 da Jacques Berque a 1990 duk "Dieu" suka zaɓa. Haka ta faru a Ingilishi: Pickthall ya bar "Allah" a 1930, Abdullah Yusuf Ali ya sa "God", masu sake bugun littafinsa suka canza bayan rasuwarsa.

Inda hukuma ta sa baki

A Turkiyya, gwamnatin Mustafa Kemal Atatürk ta mayar da kiran salla zuwa Turkanci a 1932, aka sa "Tanri" a gurbin "Allah". Jama'a ba su karɓa da zuciya ɗaya ba, kuma a watan Yunin 1950 sabuwar gwamnatin Adnan Menderes ta ɗage hanin, ladanai suka koma Larabci.

Malesiya ta yi akasin haka. Can hana waɗanda ba Musulmi ba amfani da sunan aka yi, bisa dalilin kada a rikita Musulmi, duk da cewa kalmar tana cikin tarjamar Linjilar Matiyu ta harshen Malay tun 1629. A 2007 gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna The Herald rubuta shi. Babbar kotu ta ba jaridar gaskiya ranar 31 ga Disambar 2009, aka kai wa majami'u da dama hari a watan da ya biyo, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. A wata shari'ar daban, wadda wata Kirista ƴar Sarawak ta shigar, babbar kotu ta ce a 2021 umurnin hanin na 1986 ya saɓa wa doka, gwamnati kuma ta janye ɗaukaka ƙararta a 2023.

A Nijar

Babu wata doka a Nijar da ta keɓe wa wani addini sunan. Rantsuwar shugaban ƙasa a tsarin mulkin 2010 da ambaton "Dieu" take farawa, kuma Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum sun furta ta hannunsu a kan Alƙur'ani. A labaran Hausa na rediyo "Allah" aka ce, ba wanda ya ga an canza ma'ana.

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, buƙatar juya takardu tsakanin harsunan ta ƙara fitowa. Daga Faransanci zuwa Hausa hanya a share take: "Dieu" Allah ne, "Seigneur" Ubangiji, "dieu" mai ƙaramin baƙi kuma abin bauta ko gunki. Wahalar tana wajen komawa. Idan manomi daga Kornaka ko Birnin Lalle ya ce wa alƙali "na bar shi da Allah", tafintan da ya rubuta "Dieu" ya isar da abin da mutumin yake nufi. Wanda ya rubuta "Allah" kuwa ya ƙara wa takardar bayanin addinin mai magana, alhali da wannan jimla ɗaya Kiristan Tsibiri ma zai faɗi tasa.