Furen da Ya Ƙi Yin Ja

Duk wanda ya taɓa shan zoɓo ya san jan da yake bari a kofi, haka kuma dukawa sun daɗe suna rina fata da jan karan dafi. Wannan ja, da shuɗi da shunayyar da ake gani a furanni da 'ya'yan itatuwa da yawa, daga zuriya ɗaya suka fito, watau sinadaran da masana ke kira filabonoyid. Akwai dubban irinsu, amma ƙofar da suke fitowa guda ce. Wani enzayim ne, watau sinadari mai gaggauta aiki a cikin jikin mai rai, wanda aka raɗa wa suna kalkon sintes. Shi ne yake ɗaukar sinadarin kumaroyil guda, ya haɗa shi da malonil uku, ya ƙera harsashin da sauran ke ginuwa a kai. In ya tsaya, fure sai ya fito fari fat.

A garin Freiburg na ƙasar Jamus aka fara kama shi yana aiki, a shekarar 1972. Fritz Kreuzaler da Klaus Hahlbrock ne suka gano shi a cikin ƙwayoyin halittar ganyen fasili, wanda Larabawa ke kira bagdunis, da suke reno a kwalba. Da farko an ba shi wani suna dabam, domin an ɗauka wani abu yake ƙerawa. Sai a 1980 aka tabbatar kalkon ne yake fitowa daga hannunsa, aka gyara sunan. Ba da daɗewa ba aka ware ƙwayar gadonsa, wato rubutun da tsiro yake karantawa don ya ƙera shi. Masana sun ƙaunaci wannan ƙwayar gado saboda dalili mai sauƙi: ba a bukatar na'ura a ga ko tana aiki, kallon fure ya isa.

Wannan sauƙi ne ya ja hankalin Richard Jorgensen da Carolyn Napoli, ma'aikatan wani kamfani a Oakland ta jihar Kalifoniya. Sun ɗauki furen fetuniya mai launin shunayya suka ƙara masa kwafin ƙwayar gadon kalkon sintes, suna tsammanin launin zai ƙara turuwa, kamar yadda marini ke ƙara baba a karofi. Abin da ya fito ya ba su mamaki. Kashi 42 cikin 100 na shuke-shuken sun yi fure fari, ko kuma dabbare-dabbare na fari da shunayya. Da suka bincika sai suka tarar sabuwar ƙwayar gadon ta yi shiru, ta asalin ma ta yi shiru tare da ita, har saƙon RNA da suke aikawa ya ragu wajen ninki 50. Sun buga sakamakon a 1990, a daidai lokacin da Alexander van der Krol da abokan aikinsa na Amsterdam suka ba da rahoton irin wannan al'amari.

A nan ya kamata a yaba musu. Ga kamfani mai neman furen sayarwa, wannan gwaji faɗuwa ne, kuma da yawa da sun zubar da tukwanen sun sake sabo. Su kuwa sun auna, sun rubuta, sun kuma yarda cewa ba su san dalili ba. Shekara biyu bayan haka aka ga irin wannan shiru a jikin wata fumfuna a birnin Rum, aka gane ashe abin bai tsaya ga furanni ba.

Amsar ta fito daga wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello na Amurka suka nuna cewa RNA mai tufka biyu shi ne yake kunna wannan aiki: da zarar ƙwayar halitta ta gan shi, sai ta bi duk saƙon da ya yi kama da shi ta lalata. A shekarar da ta biyo, Andrew Hamilton da David Baulcombe a Norwich ta Ingila suka samo 'yan guntayen RNA da ke nuna wa tsiro saƙon da zai sare. Sai aka fahimci abin da ya sami fetuniya. Tsiro yana da tsohon makamin kare kansa daga ƙwayoyin cutar bairos, ya ɗauki baƙon saƙon a matsayin maƙiyi, ya haɗa da nasa ya kashe.

An ba Fire da Mello lambar Nobel a 2006. Babu mai musun cancantarsu, amma masana tsirrai da dama sun yi ƙorafi a fili cewa an manta da waɗanda suka share gonar, kuma a ganina ƙorafin yana da tushe. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da patisiran, magani na farko da aka gina a kan wannan hanya, domin wata cutar gado mai lalata jijiyoyi.

Wani abin sha'awa kuma, manoma sun riga masana cin moriyar abin ba tare da sun san sunansa ba. Waken soya na daji baƙi ne. Wanda muke gani a kasuwa ruwan ɗorawa ne saboda ƙwayoyin gadon kalkon sintes na jikinsa sun jeru ta yadda suke haifar da RNA mai tufka biyu a ɓawon ƙwayar, su rufe bakin junansu, kamar yadda masu bincike a Illinois da Japan suka nuna. Idan wannan jeri ya lalace, sai manomi ya tsinci baƙaƙen ƙwayoyi jefi-jefi a cikin girbinsa.