Gefe

gefe (suna, namiji, jam'i: gyaffa) (i) Ƙarshen abu ta ɓangare guda, inda ya haɗu da wani: *gefen hanya*, *gefen kogi*. (ii) A ɗaukar hoto: kowace iyaka cikin iyakoki huɗu na hoton. Mai ɗaukar hoto kan zuba ido tsakiya, sai daga baya ya tarar da wayar lantarki ko rabin mota sun kutso ta gefe. (iii) Layin da ke raba haske da inuwa, ko dutse da sararin sama: *gefen Dutsen Zuma ya fito sarai.* Hasken safe da na la'asar ke fito da shi. Na tsakar rana dusashe shi yake yi. Dubi baki, gaɓa.