Beli a Bainar Jama'a: Nazari daga Salaga, Yendi da Bawku

A cikin matakan shari'ar laifi, babu wanda ake yanke wa hukunci da gaggawa kamar beli, kuma babu wanda ya fi shi taɓa rayuwar talaka. Cikin 'yan mintuna alƙali zai faɗi ko mutum ya kwana a ɗakinsa ko a gidan yari, alhali ba a ji shaida ko ɗaya ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, buɗe ƙofar kotu kaɗai bai isa a ce an yi zaman beli a bainar jama'a ba. Sai jama'ar da abin ya shafa sun iya zuwa, sun fahimci harshen, sun kuma ji dalili.

A takarda, dokar Ghana ba ta yi rowa ba. Kundin Tsarin Mulki na 1992, a sashe na 14, ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, sashe na 126 kuma ya ce a yi zaman kotu a fili, sai in akwai larurar tsaro ko kare tarbiyya. Sashe na 96 na dokar shari'ar laifuka ta 1960 ya hana a tsananta sharuɗɗan beli, ya kuma hana a riƙe shi don horo. A 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta rushe ƙaramin sashen da ya haramta beli a laifuka irin su kisan kai, fashi da fyaɗe. Wannan hukunci ya mayar da al'amarin hannun alƙali kacokan. Ni a ganina, nan ne buƙatar idon jama'a ta ƙaru, domin duk inda aka ce mutum ya yi abin da ya ga ya dace, to a bar mutane su ga yadda ya gani.

Mu fara da Yendi. Bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani II, sarkin Dagbon, a watan Maris na 2002, shari'ar mutum 15 da aka tuhuma a Accra aka yi ta, kuma a can aka sallame su a 2011. Ƙofar kotun a buɗe take. Amma ga manomin Dagbon, ko ɗan gidan Abudu ne ko na Andani, gidaje biyun da ke takaddamar sarautar, wannan ƙofa tana bayan tafiyar yini guda da kuɗin mota da na masauki. Abin da ya iso gida shi ne jita-jita da sharhin 'yan siyasa. Haka ma Bawku: rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya kawo dokar hana fita, har a watan Oktoba na 2024 Alƙaliyar Alƙalai ta lokacin, Gertrude Torkornoo, ta rufe kotuna bakwai a yankin, ciki har da na Bolgatanga. Idan kotu na rufe, ina za a kai wanda aka kama kafin awa 48 su cika?

Ban raina hujjar masu cewa tsaro ya fi gaba ba. A garin da ake harbin mutum saboda ƙabilarsa, ambaton sunan shaida ko na mai tsaya wa wani yana iya zama ajalinsa. Sai dai maganin wannan shi ne a ɓoye sunan, a bayyana dalilin hukuncin. A Bawku, idan aka ba ɗan wannan ɓangare beli aka hana ɗan wancan, kuma ba wanda ya ji abin da ya sa, kowa zai cike giɓin da zargin da ke zuciyarsa, zargin kuma yakan koma makami.

Salaga matsalarta daban ce, kuma ita ta fi damuna. Gari ne da fataken goro suka raya, inda Hausa ke tafe kafaɗa da kafaɗa da Gonjanci. Kotu kuwa da Turanci take zama. Doka ta ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta, amma tafinta yana tsaye ne kusa da shi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Uwar da ke bencin baya, mayafinta a hannu, kuɗin da dangi suka harhaɗa ƙulle a bakin zane, ba ta ji komai ba sai lambar sidi. Da an tashi, wani zai tare ta a ƙarƙashin bishiya ya ce, «Hajiya, kawo a gyara maganar.» Ba ta san cewa adadin da aka ambata alkawari ne da mai tsayawa zai sa hannu a kai ba, ba kuɗin da ake ƙirga wa wani a tafin hannu ba. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2015, wanda ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi har da awaki don sakin masu laifi, ya tabbatar da irin cinikin da duhu ke haifarwa.

Sannan ga sharuɗɗan kansu. Sau da yawa akan nemi mai tsayawa ya zama ma'aikacin gwamnati, ko ya kawo takardar fili. Mutumin zango da ya gaji gidan kakansa ba takarda, ko Bafulatanin da aka ce ba shi da tsayayyen mazauni, an ba shi beli da baki, an hana shi a aikace. Irin waɗannan ne shirin sake duba tsararru da aka fara a 2007 ke tararwa a gidajen yari, wasu sun shekara ba a kira shari'arsu ba.

Gyaran bai fi ƙarfin kotun majistare ba. Alƙali ya faɗi dalilinsa da ƙarfi, tafinta ya maimaita wa ɗaukacin zauren da Hausa, Dagbanci ko Kusal. A manna jerin shari'un rana da sharuɗɗan beli a allon kotu. Idan an ɗauke shari'a daga Bawku zuwa wani gari, a sanar da iyali rana da wuri, gidajen rediyon yankin kuma su karanta hukuncin da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa.